Ɗari Uku da Sha Shida

Shekara goma sha tara ke nan ina auna abin da ban taɓa gani da idona ba. Idan 'yan uwa suka tambaye ni aikina, nakan ce musu mai sikeli ce ni, sai su yi dariya su ce to ina buhunan. Gaskiya kuwa na faɗa musu. Na'urar da nake kula da ita a ɗakin gwaje-gwajenmu sikeli ce, sai dai abin da take aunawa ya fi ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Takan ɗauki ɗigon ruwa ta fesa shi ya zama hazo, ta sa wa ƙwayoyin da ke ciki lantarki, ta harba su cikin bututun da aka zuƙe wa iska, sannan ta duba wanda ya riga isa. Mara nauyi ya riga, mai nauyi ya biyo baya. Daga nan sai ta zana mana layuka a tsaye a fuskar kwamfuta, kowane layi da lambar nauyinsa a ka. Ba da giram muke awo ba. A wurinmu ƙwayar ruwa guda ɗaya nauyinta goma sha takwas ne, kuma na'urar tana bambance sha takwas da sha tara ba tare da ta yi gumi ba. Har yau idan na tsaya na yi tunanin wannan, tsigar jikina takan tashi.

Gimbiya muke ce mata, don ita kaɗai ce a ginin ke da ɗaki mai sanyi kullum, kuma ƙura kaɗan ta isa ta sa ta yi fushin mako guda. Amma ba labarin Gimbiya zan ba ku ba. Labarin matar da ke wanke mata kwalabe ne, wadda na taɓa sa hannu a takarda na shaida cewa aikinta yana da datti.

Uwar Kwalabe ake ce mata a bayan ido, a gaban ido kuwa Inna. Ɗakinta shi ne na ƙarshen baranda, mai famfo uku da kwatami biyu na ƙarfe, ga kantoci har rufi, ga tukunyar tururi a kusurwa tana huci tana kashe ƙwayoyin cutar da aka gama aiki da su. Wanda ya shiga ɗakin nan minti biyar sai ya fito yana fifita da takarda. Ita kuwa a nan take yini.

Gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana sai an taɓo aikinta. Firamare kaɗai ta gama. Mahaifiyarta hatsi take sayarwa a kasuwa, kuma Inna ta tashi da mudu a hannu tun kafin ta iya ɗaura zani. Ta auri tela tana da shekara sha tara, suka haifi biyar, ɗaya ya koma tun yana goyo. Da shara ta fara a gininmu. Wani tsohon ma'aikaci ne ya lura da yadda take ɗauraye kofunan shayi, tana ɗaga kowanne a gaban taga tana juya shi, ya ce wa shugaban wancan lokacin a ba yarinyar nan kwalabe. Tun daga ranar ba ta sake riƙe tsintsiya ba, sai a gida.

Wankinta yana da ƙa'ida. Kwalaben Gimbiya ba sa ganin sabulu ko da wasa, asid ake jiƙa su a ciki, sannan ɗauraya uku da ruwan famfo, bakwai da tataccen ruwa. In ta gama sai ta cika kwalba ta juye, ta zuba mata ido. Idan ruwan ya sauka gaba ɗaya bai bar ɗigo a jikin gilashin ba, kwalba ta fita. Idan ɗigo ɗaya ya maƙale, a koma farko. Kabad ɗinsu daban, da jan zare a hannun ƙofa, kuma Farfesa da kansa, shugaban ɗakin gwajin, sai ya nemi izini kafin ya buɗe.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara aiki shi ne bangon da ke saman kwataminta. Takardun da Gimbiya ta buga ne manne a jere, wasu har sun yi ja don tsufa. Duk ranar da datti ya ɓata mana awo, sai Inna ta zo ta karɓi takardar ta tambaya, "Nawa ne tsakaninsu?" Domin datti ma yana da lamba. Sabulu yakan fito layi-layi kamar tsani, tsakanin kowane mataki da na gaba arba'in da huɗu. Gishiri yakan ƙara ashirin da biyu. Man da ake shafa wa bakin murfi, saba'in da huɗu. Ta haddace su duka, kuma ta san ta wace ƙofa kowanne yake shigowa. Na sha ganin ɗalibi mai digiri biyu yana zufa a gaban kwamfuta, ta leƙo ta kan kafaɗarsa ta ce, "'Ya'yan sabulu ne waɗannan. A ina ka ɗauko kwalbar nan? Ba a kabad ɗina ba dai." Ba ta taɓa kuskure ba.

Tana shekararta ta ashirin da shida a wurin, ni ina ta bakwai, aka kawo mana Dakta. Matashi ne mai kai, mai sauri, irin mutanen da ke fara amsa tun ba ka gama tambaya ba. Ba mugu ba ne, kada in yi masa ƙarya. Aikinsa a kan wata ƙwayar bakteriya ce mai sa gudawa. Halittar nan, da dubunta ba za su cika bakin allura ba, tana da wutsiya da take juyawa ta yi iyo cikin majinar hanji. Wutsiyar kuwa furotin iri ɗaya ne aka jera dubbai, kamar bulo a gini. Dakta yakan noma ƙwayoyin a faranti, ya kwashe su ya zuba a injin markaɗe irin na kicin, ya kaɗa har wutsiyoyin su kakkarye, ya tace, ya kawo mini in auna bulo guda.

Tun kafin a auna mun san abin da ya kamata mu gani, don kwamfuta takan karanta ƙwayar halittar ta lissafa nauyin furotin ɗin. Ta ce kusan dubu hamsin da tara. Gimbiya ta ce dubu sittin da biyar. Muka sake, ta sake faɗin haka. Dubu shida ke nan sun hau kai, ba mu san daga ina ba.

Sai Dakta ya yayyanka furotin ɗin guntu-guntu da sinadari, muka auna guntayen. Wasu suka fito daidai da lissafi. Wasu suka fito da ƙari: wannan ɗari uku da sha shida, wancan ninkinsa biyu, wani ninki uku.

Farfesa ya fara cewa ko sukari ne. Ba sukarin shayi ba, danginsa ne, irin wanda jikin mutum yake liƙa wa furotin ɗinsa a waje. Sai dai a lokacin mutane da yawa suna ganin bakteriya ba ta cika yin wannan ƙawa ba, kuma sukarin da muka saba da su mun san lambobinsu, ɗari da sittin da biyu da ɗari biyu da uku. Muka ce wa kwamfuta ta nemo su, ta ce babu. Mu kuma muka ce to babu sukari. Abin da muka sani kawai muka tambaye ta, ita ma abin da muka tambaya ta amsa.

Da aka kawar da sukari, saura me? Layuka masu tazara iri ɗaya, mataki bayan mataki. Duk wanda ya yi wata shida a gaban irin wannan na'ura, in ya ga tsani, zuciyarsa datti take faɗa masa. Wata uku aikin Dakta yana tsaye, ga rahoton da ake jira. A taron ranar Litinin ya ce wani sabon datti ne ke shigowa daga ɗakin wanki, wataƙila wani mai ko wani sabulu da ba mu san lambarsa ba. Ya ce shekarun Inna sun fara ja, ido ba kamar da ba. Aka rubuta takarda. Aka turo mini ita a matsayina na mai na'ura, in tabbatar abin da aka gani ya yi kama da datti. Ya yi kama kuwa. Na sa hannu.

Aka sayo kwalaben roba na amfani ɗaya a yar, aka mayar da Inna sito tana miƙa wa mutane safar hannu da kwalin roba ta taga. Farfesa ya ce na ɗan lokaci ne, amma kowa ya san in abin ya tabbata, a ƙarshen shekara za a sallame ta da takardar nan a fayil ɗinta. Ranar da aka faɗa mata, ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, ranka ya daɗe." Ta cire takardun bangonta ɗaya bayan ɗaya ta sa a jaka, ta miƙa mukullin kabad. Da ta zo wucewa ta ƙofata na yi kamar ina duba wata waya a bayan Gimbiya.

Muka koma roba. Ɗari uku da sha shida yana nan daram. Dakta ya ce dattin ya riga ya shiga cikin na'urar, na yi mako biyu ina wanke bututu ina canza ruwa. Yana nan. Na auna tataccen ruwa zalla, ya fito fes, babu komai. Wannan kaɗai ya isa ya farkar da mu, amma muka ce ai dattin furotin yake kamawa, shi ya sa ba ya fitowa a ruwa. Mutum mai ilimi in ya ƙi gaskiya, hujja ba ta yi masa wuya.

Wata ranar Laraba da azahar, kowa ya fita cin abinci, na ji sallama a ƙofa. Inna ce, ta tsaya daga waje don ba ta shiga ɗakin Gimbiya da takalmin sito.

Ta ce, "'Yar nan, alfarma na zo nema. Kowane datti da aka taɓa yi a gidan nan an ba ni takardarsa. Wannan da aka ce nawa ne, ba wanda ya nuna mini shi."

Kunya ta rufe ni. Na buga mata takardun duka, kusan shafi ashirin, na kai mata baranda. Ta zauna a benci ta sa tabarau, ta fara bi da yatsa. Ba ta iya karanta sunayen guntayen ba, sai ta ce in ja jan layi a ƙarƙashin duk wanda ke da ƙari. Na ja. Ta daɗe tana kallo, tana komawa baya, tana jera shafukan a kan benci.

"Waɗannan na farko, babu a jikinsu?"

"Babu, Inna."

"Na ƙarshe ma babu."

"Babu."

"Sai na tsakiya. Kuma wannan kullum ɗaya yake ɗauka, jiya ɗaya, shekaranjiya ɗaya. Wannan kullum uku." Ta cire tabarau. "Ke kin taɓa ganin sabulu ya yi zaɓe? Sabulu in ya shiga, mataki talatin yake yi, ya hau kan kowa, yau da yawa gobe kaɗan. Shekara ashirin da shida ina zaune da datti, ban taɓa ganin mai hankali ba. Wannan yana da hankali."

Na ce to in ba datti ba ne, mene ne.

Ta ce, "Gyara ne. In mahaifiyata ta auna miki mudu, ta gama, sai ta sa hannu ta ɗebo ta ɗora a kai. Ki kai gida ki auna, za ki ga ya fi mudu. Amma ba tsakuwa ba ce ta faɗa ciki. Hannu ne ya sa, da niyya, kuma hannun nan kullum awonsa ɗaya."

"To wa ya yi gyaran?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa yana jiƙa. "Mai kayan mana."

Na zauna kusa da ita. Kalmar ce ta buge ni. A littattafanmu, idan jiki ya gama ƙera furotin sannan ya dawo ya ɗora masa wani abu, sunan da ake ba abin, in aka juya shi zuwa bakinmu, gyara ne. Inna ba ta taɓa buɗe littattafan ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce a cikin farantan Dakta da take sawa a tukunyar tururi, akwai iri biyu. Akwai waɗanda ƙwayoyin suke bazuwa daga tsakiya su yi da'ira har bakin faranti. Akwai kuma masu baƙin rubutu a gindi, da suke zama ɗigo ɗaya inda aka ajiye su. Na san su. Wata 'yar uwar ƙwayar ce da ta daina iyo, Dakta ya ajiye ta gefe yana ce mata Ragguwa.

Inna ta ce, "A noma su biyun. A ba ni kwalabe in wanke da hannun nan nawa, rana ɗaya, ruwa ɗaya. In dattina ne, zai fito a duka biyun. Ai datti bai san mai iyo da ragguwa ba."

"In kuma ya fito a duka biyun fa, Inna?"

"Sai in tafi gida tun kafin ƙarshen shekara, in huta da taga."

Dakta ya yi dariya da na kai masa maganar. Ya ce yanzu daga sito ake tsara mana gwaji? Na ce masa kwana huɗu kawai zai ci, kuma in ya fito yadda yake zato, magana ta mutu. Ina jin don maganar ta mutu ya yarda. Ragguwa ba ta da wutsiya a waje, sai da ya farfasa ƙwayoyin ya tsamo ɗan furotin ɗin da ke kwance a cikinsu. Aka ba Inna mukulli na yini ɗaya. Na leƙa ta da hantsi, tana ɗaga kwalba a gaban taga, ba ta ko juyo ba.

Ranar Talata da safe na sa na mai iyo. Ɗari uku da sha shida ya fito a wurarensa. Dakta yana tsaye a bayana da hannu a aljihu. Na wanke allurar na'urar, na sa na Ragguwa. Minti arba'in ake jira. Ban taɓa sanin minti arba'in yana da tsawo haka ba.

Guntayen suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na farko daidai. Na tsakiya, waɗanda muka yi wata huɗu muna gani da kaya a kai, suka fito tsirara, kowanne daidai da lissafin kwamfuta, ko ɗaya babu ƙari. Hannu ɗaya ya wanke kwalaben. Dakta ya zare hannunsa daga aljihu ya jawo kujera.

Ya ce a hankali, "Fasa shi."

Gimbiya tana iya kama guntu guda ta buga shi da iska har ya farfashe, ta auna ɓaraguzan. Da mun yi haka tun farko da natsuwa, da ba a kai nan ba, amma wa zai ɓata lokaci yana fasa datti? Na koma kan na mai iyo, na kama guntu ɗaya mai ƙari, na fasa. Ƙarin ya ɓalle shi kaɗai ya tsaya, dogon layi. Kusa da shi wani layi, ƙasa da sha takwas. Kusa da wannan wani, ƙasa da sha takwas kuma. Ruwa ne yake fita daga jikinsa, ƙwaya ɗaya, sannan ta biyu. Haka sukari yake yi in an buge shi.

Ni dai abin da ke raina shi ne wannan halitta, da ba ta da ido, ba ta da hannu, ba ta da kai, tana zaune cikin duhun hanji tana ƙera wani sukari nata na kanta da ba irin namu ba, tana ɗauka tana liƙa wa kowane bulo a wuraren da ta zaɓa. Na raba dubu shida da ɗari uku da sha shida a gefen takarda, ya ba ni sha tara. Wuri sha tara a jikin bulo guda, bulo dubbai a wutsiya guda, kuma in ba a yi gyaran ba, ginin ba ya tashi, ƙwayar ta zauna inda aka ajiye ta. Wannan aiki ana yinsa tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, ba wanda ya sani, ba wanda ya gode. Na ji kaina ƙarama ƙwarai, na kuma ji daɗin ƙanƙantar. Da na juya, Dakta yana share ido da bayan hannu yana cewa sanyin ɗakin ne.

Farfesa ya yi kwana biyu yana tono a mujallu, ya gano wasu masu bincike a nesa sun ga sukari mai wannan nauyi a jikin wata dangin ƙwayar. Ba mu ne na farko a duniya ba, amma aikin ɗakinmu na shekara goma da suka biyo baya daga wannan safiya ya tsiro. Ranar Alhamis ya sauka sito da kansa, Dakta yana biye, ni ina bayansu. Ya tsaya a taga kamar mai karɓar safar hannu.

Ya ce, "Inna, mun zalunce ki. Na zo in ba ki haƙuri a gaban waɗanda aka yi abin a gabansu."

Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, ranka ya daɗe. Ina mukullina?"

Dakta ya fara wani dogon bayani, ta ɗaga masa hannu. "Ɗana, kai dai ka riƙa cin abinci. Mai yunwa komai datti yake gani." Aka cire takardar daga fayil. Ta koma ɗakinta ta sauke duk kwalaben da ke kan kantoci ta sake wanke su, don ta ce ba ta san hannun da ya taɓa su ba. Ta ƙara shekara tara a wurin kafin ta yi ritaya, da ƙafarta da mutuncinta.

Ni ce ban ba ta haƙuri a taga ba. Na ga abin da na yi ya fi ƙarfin taga, sai na bari ranar Asabar na tafi gidanta da la'asar. Ban taɓa zuwa ba. Ɗaki biyu ne da tsakar gida, ga keken ɗinki a rumfa an lulluɓe shi da zani. Mijinta, Baba Tela, yana zaune a kujera, ƙafafunsa a miƙe kan matashi, sanda a gefe. Dogon tsoho ne mai fara'a. Inna ta ce masa ga mai sikelin nan.

Ya ce, "Ke ce? Sannu da zuwa, 'yata. An ce ƙwayar cutar ma ashe ciwon sukari gare ta. To ku ba ta magani mana ta bar mu mu huta."

Muka yi dariya. Inna ta shiga ɗaki kawo mini ruwa. Na lura gwiwoyinsa sun kumbura, na yi masa sannu, na tambaye shi ko ya daɗe da ciwon.

Ya ce, "Shekara arba'in ina taka keke, dole su nemi hakkinsu. Da sauƙi ai. Likita ya rubuta wani mai, ita take murza mini kullum da safe kafin ta fita, har ina zuwa bakin titi da ƙafata. Kwana arba'in da uku ne da aka tsaya suka mayar da ni kujera."

Na ce me ya sa aka tsaya.

Ya dubi ƙofar ɗakin, ya rage murya. "Ba ta faɗa miki ba? Man sabo ne, an fara shi daf da lokacin da abinku ya ɓullo. Ta ce duk dattin da ta sani ba shi ba ne, to saura wanda ba ta sani ba, wato man nan da ke hannunta. Da kuka koma roba abin bai tafi ba, ta ce ai robar ma ta hannunta take bi a sito. Na ce ba kina sa safa ba? Ta ce ba ta yarda da safa ba. Ta kai gwangwanin saman kabad. Nakan shafa da kaina, amma hannun tela ya tsufa, ba ya kaiwa inda ciwon yake. 'Yarmu takan zo ranar Lahadi ta yi." Ya yi murmushi. "Kullum da safe sai ta tsaya a nan ta kalli ƙafafun, ta ce Malam ka yi haƙuri, ta fita."

Inna ta fito da kofi, ta ga fuskata, ta gane. Ta ce, "Malam, bakinka ba ya riƙe komai."

Na ce, "Inna, ashe ke ma kin yi zargin kanki? Ranar nan a benci kin yi magana kamar ba ki da shakka."

Ta ajiye kofin a gabana. "A benci na daina shakka, da na ga takardun. Kafin nan kuwa, mutum uku masu ilimi sun sa hannu. Biyu ban damu da su ba, ba su san wankina ba. Ke kin sani. Na ce in har yarinyar nan ta sa hannu, to akwai abin da ta gani."

Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Hawaye suka zubo mini. Ba ta rarrashe ni ba. Ta jawo 'yar kujera ta zauna a gaban mijinta, ta naɗe hannun riga, ta ɗora ƙafarsa ta dama a cinyarta.

Ta ce, "Yanzu safe da yamma nake yi, ko ma rama. Gwangwanin yana kan taga a bayanki. Miƙo min."

Na tashi na miƙa mata.